In Birkin Tsohuwar Fijo Ya Cije: Mai Ne Ko Ƙarfe?

Da zarar kaka ta kama aka shiga casar masara da waken suya, hanyoyin da ke shiga Dandume ba sa hutawa. Ta Mahuta, ta Tumburkai, ta Dantankari, ta gefen Sabuwa, motoci ne ke ɓullowa daga ƙauyuka a danƙare da buhuna, kowacce na neman ta riga 'yar'uwarta isa kasuwar hatsin da ta kai sunan garin har kudancin ƙasar nan. Akwai kanta, akwai Hilux, akwai J5, jefi-jefi kuma akan ga tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot, wadda kowa ke kira fijo, tana tafe a durƙushe da kaya, ta girmi mai tuƙa ta nesa ba kusa ba.

Direban irin wannan mota yana da fargaba biyu game da birki. Ta farko kowa ya san ta: a taka, feda ta nutse har ƙasa, mota ta ci gaba da tafiyarta. Ta biyun ba a cika zancenta ba. Ita ce birki ya kama ya ƙi saki, ko kuwa a ɗan taɓa shi kaɗan ƙafar baya ta ƙame tana jan ƙasa. Direbobi da yawa kan raina wannan, tunda a ganinsu birkin yawa ya yi, ba rasa shi aka yi ba. Rainin nan yana da tsada. Birkin da ke cijewa yana daf da zama birkin da babu shi sam, kuma maganin gefen hanya da aka saba yi masa ya fi cutar kanta haɗari.

Zaman fijo a wannan yanki yana da tarihi. A 1975 kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna. Kusan a lokaci guda aka ƙaddamar da shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya zo da takin zamani da ingantaccen irin masara da hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, Kaduna kuma ta samar da motar da za ta bi hanyoyin. Akwai 404 da aka fito da ita a Faransa a 1960, sai 504 ta 1968, wadda ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, ta kuma zama motar manyan jami'an gwamnati a zamanin mulkin Janar Obasanjo. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina ƙera ta. A Turai yanzu masu sha'awar tsofaffin motoci ne ke adana su, su goge, su fito da su ranar biki. A 2011 ma an yi gwanjon wata farar 504 ta 1977 mallakar shugaban Iran na lokacin, Mahmoud Ahmadinejad, aka ba da rahoton an taya ta dala miliyan 2.5. A Dandume nema ake yi da fijo, kuma birkinta na baya har yau irin na da ne.

Birkin ƙananan motoci iri biyu ne. Akwai na faifai, wanda ake hangowa ta ramukan rim, inda ake matse faifan ƙarfe daga gefe da gefe. Akwai kuma na diram, wanda komai nasa a rufe yake, kuma galibi ana danganta ƙirƙiro shi ga Bafaranshen nan Louis Renault a 1902. Tsofaffin 404 da Volkswagen ƙirar kunkuru da aka riƙa haɗawa a Legas diram suke da shi a ƙafa huɗu. Akori-kurar 504 da wagon ɗinta faifai ne a gaba, diram a baya, haka ma Hilux.

Diram ƙarfe ne zagayayye mai zurfi da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa, kowanne an liƙa masa lainin, wato ɓangaren da ke gogar ƙarfen. Su takalman ba sa juyawa, suna zaune ne a kan farantin baya. Idan direba ya taka feda, masta, wato babbar silindar da ke cikin bonet, yakan tura man birki ta bututu zuwa ƙaramar silindar da ke cikin kowace ƙafa, ita kuma ta buɗa takalman su manne da cikin diram. Idan ya ɗaga ƙafarsa, ba abin da ke janye takalman sai 'yan sifirin. Su za su jawo takalman, su matsa fistin ɗin silinda ya koma ciki, su kora man ya sake bin bututu har ya shige tankinsa ta wata 'yar ƙofa da ke cikin masta, wadda faɗinta bai kai milimita 1 ba. Mafi yawan labarin cijewar birki a wannan dawowar yake. A tafiya, ƙafar ƙato ce ke tura man, sau da yawa har da taimakon busta, na'urar da ke ƙara wa feda ƙarfi. A dawowa kuwa ƙarfin sifirin ne kaɗai. Saboda haka ɗan datti, ɗan tsatsa ko ɗan kumburin roba da ba zai iya hana birki kamawa ba, yana iya hana shi saki.

Diram yana da wata ɗabi'a kuma da ta sa ya fi faifai saurin fushi. Idan takalmin gaba ya taɓa diram mai juyawa, juyawar kan ja shi ta ƙara cusa shi ciki, kamar itacen da aka tokare ƙyaure da shi: iya turawa, iya cijewa. Wannan ne ya ba diram ƙarfi da ɗan taki kaɗan, shi ya sa manyan motoci da yawa ba su rabu da shi ba har gobe. Amma shi ne kuma ya sa ɗan canji a fuskar lainin, ko danshi ne ko ɗigon mai, yakan fito a ninke.

Bakanike mai sanin aikinsa ba ya ɗaukar sifana da jin an ce masa, "Oga, ƙafar baya ce ke kamawa." Tambaya yake fara yi. Da safe take yi ko sai an yi nisa? Da kaya ko ba kaya? Ƙafa ɗaya ce, ko biyun baya, ko duka huɗun? An taɓa wani abu a birkin kwanan nan? Amsoshin nan kaɗai sukan raba aikin biyu, domin cijewar ba iri ɗaya ba ce.

Mafi sauƙi ita ce ta motar da aka ajiye. Daga Yuni zuwa Satumba hanyoyin ƙauyukan kudancin Katsina taɓo ne da kwatami, wata motar ta yi ta ratsa ruwa, wata kuma a jingine ta har kaka. Ƙarfen diram yana tsatsa cikin dare ɗaya idan ya jiƙe. In aka ja birkin hannu aka bar takalma manne da jiƙaƙƙen diram na makonni, tsatsar kan haɗe su wuri guda. Ranar da aka tashi aiki inji ya yi ta gurnani, mota ko gezau. Abin yi shi ne a sauke birkin hannu, a ɗan gwada gaba da baya a hankali, in ta ƙi a ɗaga ƙafar a cire taya a bubbuga diram da guduma ta kan katako har a ji ya saki. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗaura ta a bayan tarakta a fizga. Lainin na iya ɓarewa daga jikin takalmi ya zauna sakaka a cikin diram, ya jira ranar da mota ke gudu ya shige tsakani. Wani lokaci kuma wayar birkin hannun ce ta ƙame a cikin kubenta: an sauke sanda a gaba, amma a baya tana nan a ɗaure. Motocin da ke dakon taki sun fi fama da wannan, domin yuriya da NPK da ke zuba daga buhu su haɗu da ruwa suna cin ƙarfe ƙwarai, kuma waya da bututun baya a ƙarƙashin bodin suke. Motar da za ta daɗe a tsaye gara a bar ta a giya a sa mata duwatsu. Wanda ya ratsa ruwa kuma ya ɗan yi tafiya a hankali da ƙafarsa a kan birki sama-sama har lainin ya bushe. Idan kamun safe ne kawai, wanda ke wucewa bayan an taka sau biyu ko uku, wannan tsatsar dare ce, ba ta bukatar a kwance komai.

Wadda ta fi muni ita ce mai zuwa a hankali. Mota ta tashi daga Dandume lafiya ƙalau. Kafin a kai Funtua ta fara nauyi, wurin da ake hawa da giya huɗu sai an dawo uku, fedar birki ta taso sama ta yi tauri, ga wani ƙauri yana shigowa ta taga. In aka tsaya aka sha ruwa aka huta, sai ta saki kamar ba ita ba, a tashi kuma ta sake. Abin da ke faruwa shi ne man ya rasa hanyar komawa tanki. Takalma na ɗan gogar diram, gogar na haifar da zafi, zafin na sa man ya buɗe, buɗewar na ƙara matse takalman, haka abin ke ciyar da kansa har ƙafar ta ƙame.

A nan ne birki mai yawa ke rikiɗewa ya zama babu. Man birkin da ake sayarwa a gwangwani da rubutun DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Selshiyos, DOT 4 kuma 230. Wannan sabon mai ke nan. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, kuma idan ruwan da ke cikinsa ya kai wajen kashi 3.7 cikin 100, DOT 3 kan sauko zuwa 140, DOT 4 zuwa 155. Diram da ke ja na tsawon kilomitoci yana wuce wannan cikin sauƙi. Da man ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi ba ya turawa, sai fedar da ɗazu take da tauri ta tafi ƙasa fayau. Zafin nan kuma yana narkar da giris ɗin boris, yana kashe ƙarfin sifirin, yana iya fasa taya. Shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a zubar da man birki a sa sabo duk shekara 2, abin da yawancin tsofaffin motocinmu ba su taɓa gani ba sai dai ƙari a kan ƙari.

Gano inda cutar take ba ya bukatar kwamfuta. Jek ne da sifana da haƙuri, kuma dole a yi gwajin lokacin da birkin ke cije, kafin ya huce. A tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, a tare tayoyi, a kai hannu kusa da kowane rim ba tare da an taɓa ba, a ji wanne ke huci. In duka huɗun ne, zargi na kan masta. In biyun baya ne, a tuna cewa mota mai aksul guda a baya yawanci tiyon roba ɗaya ne ke kai mai ga ƙafafun biyu, ga kuma birkin hannu. In ɗaya ce, to matsalar na nan kusa da ita.

Sai a ɗaga ƙafar, a saka mata kututture ko ƙarfen tokara, domin jek kaɗai ba abin amincewa ba ne, a gwada juya ta da hannu. Daga nan a ɗan sassauta notin fitar da iska da ke bayan silinda. Wannan ɗan juyin sifana shi ke raba gardama. Idan mai ya yi tsartuwa, ƙafar ta saki nan take, mai ne ya maƙale, kuma kwance diram ɓata lokaci ne. Idan ɗigo kawai ya yi, ƙafar tana nan a ƙame, to ƙarfe ne, sai a shiga ciki.

In mai ne, saura a san inda aka tare shi. A ɗaure notin, a tattaka birki har ya sake cijewa, wannan karon a sassauta bututun daga bakin masta. Idan ƙafar ta saki, matsin tun daga masta yake. Idan ba ta saki ba, abin da ya tare yana tsakanin masta da ƙafa: tiyo, ko bawul ɗin daidaita man baya, ko bututun da dutse ya lotsa. Tiyon roba mayaudari ne. Daga waje ana iya ganinsa sumul, alhali cikinsa ya kumbura ko ya saɓule ya zama murfi, mai ya wuce in an tura da ƙarfi amma ya kasa dawowa. Tiyon da ya shekara 20 ko 30 a ƙarƙashin mota ba a tambayar lafiyarsa, canzawa ake yi.

Shi kuwa masta, abin da ya fi damun sa hannun mutane ne. Fedar birki tana bukatar ɗan wasa a samanta, 'yan milimitoci da za ta motsa kafin ta fara tura komai. Direba kan ce shi yana son birki a sama, bakanike ya ƙara tsawon sandar da ke tura fistin don ya faranta masa, wasan ya tafi, fistin ya kasa komawa gidansa sosai, robarsa ta zauna a kan 'yar ƙofar nan ta rufe ta. Haka ma in an ɗauko masta na wata mota aka dasa saboda ramukan noti sun yi daidai, alhali zurfin wurin sandar ya bambanta. Gwajinsa mai sauƙi ne: a sassauta notina biyun da ke riƙe masta a ɗan jawo shi gaba kaɗan, in ƙafafun suka saki, sandar ce ta yi tsawo. Sai kuma babbar ɓarna, wato zuba man da ba nasa ba. Baƙin mai, man giya, man sitiyari, ko koren man nan na LHM da aka yi domin motocin Citroën, duk daga ɗanyen man fetur aka samo su, kuma robobin birkin fijo kumbura suke yi in sun haɗu da su. Ko robobin da aka wanke da fetur ko kananzir haka suke yi. In hakan ta faru, canza man kaɗai ba ya wadatarwa, duk wata roba da ke layin sai an sake ta.

Idan gwajin ya nuna ƙarfe ne, sai a cire diram. Sau da yawa yakan ƙi fita saboda takalma sun ci cikinsa sun bar masa leɓe a baki, sai an sassauta abin ɗaure birkin tukuna. A ciki, abu na farko da za a duba shi ne silinda. A ɗage robar da ke rufe bakinta. In aka ga jiƙa, tana yoyo. In aka matsa fistin da yatsa ya ƙi motsi, tsatsa ta kama shi, kuma wannan tsatsar daga ruwan da ke cikin tsohon mai take. Sai sifirin: wanda ya miƙe, ko ya canza launi don zafi, ko aka maye gurbinsa da waya, ba zai janye takalmi ba. Sai wuraren da takalma ke zamewa a kan farantin baya, inda shekaru kan tona ɗan rami takalmi ya riƙa maƙalewa a ciki. Waɗannan a goge su su yi santsi a shafa giris mai jure zafi ɗan ƙanƙane, yadda ba zai kai ga lainin ba. Wani lokaci kuma ba abin da ya lalace, ɗaurewa ce kawai ta yi yawa.

Akwai kuma kamun da ba ya jiran zafi. Da an taɓa feda ƙafa ɗaya ta cafke, mota ta fizga gefe. Mutum zai zaci mai a kan lainin santsi zai sa, kuma da farko yakan sa, amma idan ya haɗu da ƙurar birki da ta hunturu ya dahu, danƙo yake zama. Man na zuwa ne daga silinda mai yoyo, ko daga robar da ke tare man giya a bakin aksul. Ita ma robar tana da dalilinta na saki: boris ya yi wasa, ko an cika man aksul fiye da ƙima, ko taɓo ya toshe 'yar ƙofar shan iskarsa, zafi ya turo man waje. Wanda ya sa sabbin takalma bai gyara yoyon ba, bayan 'yan makonni zai dawo. A gareji da yawa akan wanke irin wannan lainin da fetur, ko a cinna masa wuta, a goge da samfefa a mayar. Fuskarsa ce kawai ke tsabta. Man ya riga ya shige cikinsa, da ya ɗauki zafi zai sake tsattsafowa. Canji ne maganinsa, kuma ƙafa biyun aksul ɗin tare, da silinda masu faɗi ɗaya, in ba haka ba gefe ɗaya zai riƙa riga ɗaya kamawa.

Diram ɗin kansa yakan bar zagayensa ya ɗan yi ƙwai, musamman wanda aka sheƙa wa ruwa yana da zafi, abin da yaran mota ke yi da kyakkyawar niyya in sun ga hayaƙi. Alamarsa feda tana harbawa a ƙarƙashin ƙafa, taya na kamawa tana saki a kowane juyi. Masu injin sassaƙar ƙarfe suna iya gyara shi, amma akwai iyaka: galibi akan buga mafi girman faɗin da aka yarda da shi a jikin diram, in ya wuce nan ya zama na 'yan gwangwan. Takalman ma ana iya juya su, na gaba ya koma baya, ko a saka sifirin a ramin da ba nasa ba. Shi ya sa tsofaffin kanikawa ba sa kwance ɓangare biyu lokaci guda, sukan bar ɗaya a haɗe ya zama abin dubawa.

Wani abu da ya shafi akori-kura musamman shi ne bambancin nauyi. Motar da ta shigo kasuwa da buhunan masara masu kilo 100 kowanne, za ta koma gida wayam. Da kaya, ƙafafun baya suna danne a ƙasa suna iya ɗaukar birki mai ƙarfi. Ba kaya, wannan ƙarfin ya yi musu yawa. Saboda haka aka sa wa motoci irin su 504 da Hilux wani bawul a ƙarƙashi, wanda ke haɗe da aksul ta wata sanda ko sifirin, yana auna yadda bodi ya sauka ya rage ko ya ƙara man da ke zuwa baya. Idan bawul ɗin ya ƙame a matsayin mai kaya, ko sifirin ɗin baya sun gaji mota ta zauna, ko wani ya cire shi ya haɗa bututu kai tsaye, baya za ta riƙa kullewa duk lokacin da mota ba kaya. Idan kuma an ƙara ganyen sifirin don a ƙara lodi, lissafin ya juye, bawul ya riƙa ganin motar ba nauyi alhali a cike take. Haka nan birkin gaba da ya yi rauni yakan sa direba ya danna da ƙarfi har baya ta kulle, a yi ta neman laifi a baya alhali yana gaba.

Kullewar baya ba abin wasa ba ce. Tayar da ta daina juyawa ta daina riƙe hanya ta gefe. In gaba ce ta kulle, sitiyari ya daina aiki mota ta tafi miƙe. In baya ce, gindin motar kan zagayo ya nemi wuce kanta, kuma a kan burji mai tsakuwa ko jar laka, da mutane zaune a saman kaya, ƙarshen wannan sananne ne. Na'urar ABS da ke hana taya kullewa ta fito a motocin Mercedes tare da kamfanin Bosch a 1978, amma ba ta taɓa isowa akori-kurar fijo ba. A wannan motar daidaiton gyara ne kaɗai ke tsare rai.

Duk da haka, abin da aka fi yi a gefen hanya shi ne a kashe ƙafar da ke damun mutane. A daddake bututunta da guduma, ko a cusa ƙusa a bakinsa, a ce sai an sauke kaya a gyara. Mota ta koma birki uku, tana ja gefe duk lokacin da aka taka, kuma "sai an sauke kaya" ya zama sai bayan kaka. Bututun da aka daddake ya raunana, ranar da ya tsage a mota mai layin mai guda ɗaya, irin tsofaffin 404, birkin ƙafa huɗun ne zai tafi lokaci guda. Wasu kuma idan sun zubar da mai wajen sassauta noti sai su cike gurbin da ruwan omo. Ruwa yana tafasa a digiri 100, yana kuma cinye silinda da tsatsa. Ana iya fahimtar matsin da direba ke ciki, ga mai kaya na jira, ga kasuwa na ci, ga balas na maigida. Amma tiyo da robobin silinda da gwangwanin mai ba su kai kuɗin buhun masara ɗaya ba a mafi yawan lokuta, kuma kayan fijo ba su ɓace ba: ana samun su a Funtua, in an rasa a nufi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Abin lura wajen saye shi ne takalman da aka sake liƙa wa lainin. In liƙin ba na kirki ba ne, zafin farko zai ɓare shi.

Akwai haɗari ɗaya da ke kan wanda ba ya ma cikin motar, wato yaron gareji. Shi ake ba diram ya share, shi kuma ya sa baki ya hure ƙurar. Tsofaffin lainin, da wasu masu arha na yanzu, suna ɗauke da asbestos, ma'adinin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana haddasa kansar huhu da ta fatar da ke lulluɓe da shi, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2005, Amurka ta hana nau'insa na ƙarshe a 2024. Maigidan da ya hana yaransa hurawa, ya sa su jiƙa ƙurar su goge da tsumma, bai kashe ko sisi ba.

Bayan an haɗa komai, a ɗaure birkin har taya ta tsaya, sannan a sassauta kaɗan-kaɗan har ta juya da hannu, ana jin ɗan shafar lainin sama-sama. Sai bayan nan a daidaita birkin hannu, domin wanda ya fara da shi yakan ɓata ɗaurin takalma. A fitar da iska, a fara daga ƙafar da ta fi nisa da masta, a tabbatar feda tana da ɗan wasanta a sama. Gwaji kuma a yi shi a kan burjin da ba mutane ba dabbobi, da gudu kaɗan, mota ba kaya. A taka da ƙarfi, a sauko a duba sawun da tayoyi suka bari: na hagu da na dama su zo daidai, kuma na baya kada ya riga na gaba farawa. Daga nan a yi tafiyar kilomita 4 ko 5 ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kai hannu kusa da kowane rim. In ɗaya ya fi sauran ɗumi, a koma gareji kafin a ɗora buhu ko ɗaya.